Mai Karya Haruffan Letekidan

Duk wanda ya yi biki a Asmara a shekarun baya, ko ya buɗe shagon ɗinki yana son a san da zamansa, ya san wani ɗan lungu a bayan kasuwar hatsi inda Letekidan da mijinta Okbazgi suke da maɗaba'a. Maɗaba'a dai a baki. Ɗaki ne guda mai warin tawada da kananzir, da tsohon inji na takawa da ƙafa wanda ya girme su su biyun, da durowoyin katako jere har rufi cike da haruffan dalma. Ita ke jera haruffa, shi ke bugawa. Haka suka raba aikin tun suna da baƙin gashi, kuma ni dai ban taɓa jin ɗayansu ya yaba wa ɗaya ba.

Letekidan ba ta yi makaranta ba. Tana yarinya aka kawo ta daga ƙauye ta riƙa yi wa wani Ba'italiye shara, Sinyor Galeotti, mai shagon na asali. Shara a maɗaba'a kuwa ba irin ta tsakar gida ba ce. Duk harafin da ya faɗi ƙasa sai an tsince shi, an busa, an mayar da shi gidansa, kuma in ka saka shi a gidan wani ka sha zagi da yaren da ba ka ji. Da haka ta san haruffa da yatsa tun kafin ta iya haɗa kalma. Da mulki ya juya Turawa suka tattara nasu ya nasu, Galeotti ya miƙa wa Okbazgi mabuɗi, shi ne mai taka masa inji, ya ce zai dawo. Bai dawo ba. Okbazgi ya auri mai shara, mutane suka yi ta surutu. Ita kuwa cewa take shagon ne ya aure su su biyu, kuma mugun miji ne, bai taɓa ba su hutu ba.

Haruffa iri-iri ne a durowoyin nan. Akwai na rubutunmu, kakkaura masu jure wahala, da su ake buga sanarwar rasuwa da ake liƙawa a bango da jikin bishiya. Akwai na Turawa na yau da kullum. Sai kuma waɗanda Letekidan ke kira amare. Kowane harafi a cikinsu jiki biyu gare shi: gefe guda kauri kamar taɓarya, gefe guda siriri kamar gashin jariri, ƙafarsa kuma ɗan miƙaƙƙen layi ne da ba ya son wasa. Ba a buga dogon labari da su, ido zai gaji. Ba a buga su ƙanana, siririn sai ya ɓace. Ba sa son takardar jarida, ba sa son cunkoso, ba sa son tawada da yawa. Sai takarda mai santsi, da fili, da suna ɗaya ko biyu a tsakiya: na ango da amarya, na tela, na turare. Amma in aka ba su abin da suke so, ko sunan mai sayar da gawayi ka rubuta da su sai a ɗauka wani babban mutum ne.

Dalma kuwa taushi gare ta. In inji ya danna fiye da kima, siririn layin ne yake fara lotsewa, daga nan ya karye. Kuma babu inda ake zuba irinsu yanzu a ƙasar nan. Wanda ya karye ya karye, sai dai a kai kasuwar Medeber wurin masu narka ƙarfe.

A nan ne Okbazgi ya yi suna. Kafin ya buga kati, sai ya yi wa injin shimfiɗa a bayan inda takarda ke kwanciya. Yana yanka wasu takardu shara-shara da reza, ya ƙara inda harafi ke da kauri, ya rage inda yake siriri, har kowane ɓangare ya sami daidai nauyin da zai iya ɗauka. Yakan ce takarda ta taɓa harafi kamar yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta ta ji ko akwai zazzaɓi. A zamaninsa in ka juya katin da ya buga ka shafa bayansa, ba za ka ji ko ɗan tudu ba.

Duk wannan da ne. Kwamfuta ta shigo, shagunan babban titi suka kwashe aikin, suna fitar da kati kafin kofinka ya huce. Ɗansu guda, Merhawi, yana Jamus, kuma duk wayar da zai yi magana ɗaya ce: ku rufe wannan kogon ku huta. Letekidan takan ce to. Washegari ta ɗaura farin mayafinta ta bi mijinta, shi yana tura keke, ita tana jan ƙafa, don gwiwoyinta sun daɗe da yin yaji. Ta gaji da shagon, Allah ya sani ta gaji. Sai dai ba ta san wani wurin zama da rana ba.

Ta fara lura da ɓarnar ne wajen mayar da haruffa gida bayan an gama aiki. Ta ɗauki wani, yatsanta ya ji ƙafar ta lotse. Ta ɗauki wani, siririn layin tsakiya babu. Da fari ta ce tsufa ne, dalma ma tana tsufa. Amma sati ya bi sati, gwangwanin da take jefa karyayyu ya fara nauyi.

"Baban Merhawi, amaren nan suna ƙarewa fa."

"Ba dole su ƙare ba? Kina watsa su a durowa kamar kina ba kaji dawa."

"Ni? Ni da nake riƙe su tun kana sa gajeren wando?"

"Hannunki ya fara rawa, tsohuwa. Ki yarda kawai."

Abin ya ci ta ƙwarai, har ta riƙa duba hannunta a ɓoye ko da gaske yake. Sai wata rana tana zaune tana hutar da ƙafa ta zuba masa ido. Ya buga gwaji ɗaya, ya ɗaga shi wajen ƙofa, ya kai shi dab da hanci, ya nisanta, ya yi tsaki. Ya ƙara tawada. Ya sake bugawa, ya sake tsaki. Sai ya ɗauko takarda sukutum, ba shara-shara ba, mai kauri, ya cusa a shimfiɗa. Da injin ya rufe, ta ji wata ƙara ƙasa-ƙasa da ba ta taɓa ji daga hannunsa ba. Ya ciro katin ya duba, sai ga shi yana murmushi. "Yawwa. Yanzu suka fito."

Ta karɓa ta shafa bayan katin. Tudu ne rututu, makaho ma ya karanta. A nan ta gane. Ciwon sugan da yake fama da shi, wanda yake ci gaba da yi wa gatse da cokali uku na suga a kofi in ta juya baya, ya kai ga idonsa. Siraran layukan ba ya ganinsu. Shi a wurinsa ba su fito ba ne, don haka yake ta ƙara nauyi har su kumbura su yi kaurin da zai gani. Mutumin da ya fi kowa tausayin haruffan nan a garin, shi yake murƙushe su da ƙafarsa, yana jin daɗi ya gyara aiki.

Ta ajiye katin. Me za ta ce? Namijin da ba shi da gona, ba shi da mota, ɗansa yana wata duniya, abin da ya rage masa na tinƙaho shi ne wannan shimfiɗa. Sai ta shiga dabara. Da hantsi in ya fita shan kofi wurin abokansa, ta lallaɓa ta zare takarda ɗaya daga shimfiɗar. Ya dawo ya buga, ya yi tsaki, ya ce injin nan ya fara saki, ya mayar da biyu. Ta zare, ya mayar. Haka suka yi ta yi, ba mai ce wa wani uffan, kuma ita ce kullum a ƙasa, don shi ke riƙe da injin. Ta koma ɓoye masu lafiya a ƙasan durowa tana ba shi guragu. Ta koma ce wa masu zuwa amaren sun ƙare, su zaɓi wasu. Wani irin aiki ne mai cin rai, ka yini kana gadin abu daga wanda kake dafa wa abinci. Tana komawa gida ko injera, gurasarmu ta yau da kullum, ba ta iya ci sosai.

Daga ƙarshe durowa ɗaya ta rage wadda ɓarnar ba ta taɓa ba, ta manyan amare, can sama inda sai an taka kujera. Waɗannan ko Galeotti sai ranar babban aiki yake sauko da su.

Da damina ta kama, lokacin da 'yan ƙasar waje ke dawowa gida hutu da manyan jakunkuna, sai ga wata budurwa mai suna Winta ta shigo, daga Kanada, harshenmu yana mata tuntuɓe a baki. Ta ciro wani tsohon kati daga jaka, ya yi ja don daɗewa. Katin auren iyayenta ne.

"Mama, an ce a nan aka buga. Irinsa nake so nawa ya zama. Kwamfuta ta yi min, amma ba shi da rai."

Letekidan ta gane aikin tun daga nesa. Manyan ne. Ta buɗe baki za ta ce sun ƙare, sai Okbazgi ya karɓe katin, ya shafa shi da babban yatsa gaba da baya, fuskarsa ta washe.

"Aikina ne! Ji nan, 'yata, shafa ki ji. Kin ji tudu? Babu. Suna nan, ga su can sama. Tsohuwa, sauko da su."

"Ba su cika ba."

"Ƙarya kike, sun cika. Kar ki kula ta, 'yata, rowa gare ta. Ko gishiri sai ta ƙirga take zubawa a miya."

Winta ta yi dariya, ta tafi da alkawarin za ta dawo ƙarshen mako.

Letekidan ta hau kujera da kyar ta sauko da durowar. Ta jera sunayen biyu a hankali, ta yi ta jan lokaci wajen daidaita tazara, don haruffan nan in aka matse su sai su shaƙe. Da ta gama ta ɗaure su a firam, ta tsaya tana kallo. Ko ɗaya babu mai tabo. Tun tana yarinya mai tsintsiya take kallonsu, ba ta taɓa mallakar wani abu mai kyau kamarsu ba, har da zinaren aurenta.

Okbazgi ya karɓa ya ɗora a inji. Ya buga gwajin farko. Daga inda take tsaye ta ga ya fito tsaf, kaurin baƙi wuluk, siririn kamar an ja da allura. Shi kuwa ya kai hanci, ya nisanta, ya yi tsakin nan. Hannunsa ya tafi wajen takardu masu kauri.

"Bar shi haka, ya yi."

"Ina ya yi? Rabin harafi babu."

"Na ce ya yi, Baban Merhawi."

"Yau kuma ke za ki koya min bugu? Koma wajen durowarki."

Ya cusa ɗaya. Ya ƙara ta biyu. Ya ɗora ƙafa a kan matakin. Ba ta san lokacin da ta tsallaka ɗakin da gwiwoyin nan nata ba, sai ganinta ta yi ta riƙe ƙafar injin da hannu biyu.

"Wallahi ba za ka taka ba!"

"Ke lafiyarki?"

"Kai ne ba lafiya! Ba ka gani, Okbazgi. Ba ka gani! Layukan suna nan, kowa yana ganinsu sai kai. Kai kake karya su, ba ni ba. Shekara guda kana murƙushe su ina tsincewa, kana ce min hannuna na rawa!"

Ba ta taɓa kiran sunansa a gaban idonsa ba tun da aka ɗaura musu aure. Ta jawo gwangwanin ta zazzage a kan tebur, ta kama hannunsa ta ɗora a kai. "Tunda ido ya ƙi, shafa ka ji."

Ya shafa. Ya ɗauki ɗaya ya bi ƙafarsa da farce. Ya ajiye, ya ɗauki wani. Mai aiki ne, ba sai an yi masa bayani ba. Harafin da aka jefar gefensa yake ɓallewa, wanda aka danne kuwa lotsewa yake. Waɗannan duk a lotse suke. Ya daɗe yana ɗauka yana ajiyewa, ruwan sama yana dukan kwanon rufi. Ita kuma fushin ya riga ya sauka, saura tsoro. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

"Duka ni ne?"

"Ba duka ba. Wasu tsufa ne."

"Kar ki yi min ƙarya yanzu kuma."

Ta fara kwashe karyayyun tana mayarwa cikin gwangwani.

Ya zare takardun nan biyu daga shimfiɗa da kansa. Ya kwance rigar aikinsa ya rataye a ƙusa, ya jawo kujera bakin ƙofa ya zauna yana fuskantar lungu. "Taka," ya ce. "A hankali. Kar ki ƙara tawada."

Haka Letekidan ta buga katin Winta, ita da ba ta taɓa taka injin ba. Ta yi kaɗan ta huta, ta yi kaɗan ta dafa bango. Daga bakin ƙofa, ba tare da ya juyo ba, yakan ce "kin yi sauri," ko "tawada ta bushe, ji ƙararta," don kunnensa ƙalau yake. Da ta gama ta kawo masa guda. Ya juya shi ya shafa bayan, ya gyaɗa kai. Sannan ya juyo gaban ya duba.

"Sanduna kawai nake gani a tsaitsaye," ya ce. "Da kyau?"

"Da kyau."

"To."

Winta ta zo ta karɓa, ta yi ta tsalle tana ɗaukar hoto, ta rungume Letekidan, ta tambayi ina Baba. Aka ce mata yana gida, ba ya jin daɗi.

Bai sake zuwa shagon ba. Merhawi ya aiko a kai mahaifinsa asibiti, likita ya duba ya ce an makara, sai dai a riƙe abin da ya saura. Okbazgi ya koma zaman tsakar gida a ƙarƙashin itacen inabi, da rediyo a cinya. Ko wurin abokan kofi ya daina zuwa, wai kar su tambaye shi aiki. Ba ya faɗa, ba ya tsokana. Ta zuba gishiri ya yi yawa, ya ci bai ce komai ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Ita ta ci gaba da buɗe shago, ita kaɗai, ba keke a gaba. Manyan amare suna sama lafiya lau, ba mai taɓa su. Takan zauna daga safe har azahar ba wanda ya leƙo, ba wanda zai ce mata tsohuwa. Ta tsare abin da take son tsarewa, kuma ba ta taɓa jin gajiya irin ta wannan lokacin ba.

Wata ranar Asabar ta rufe da wuri ta dawo. Ta gasa kofi a gabansa, ta kai masa hayaƙin ya shaƙa kamar yadda aka saba, ta daka, ta dafa, ta zuba. Har suga ta saka masa, rabin cokali. Sai da ya kurɓa ta yi magana.

"Baban Merhawi, ka dawo shago."

"In yi me?"

"Ka buga. An kawo aikin wani tela."

"Ki buga mana. Kin iya."

"Ƙafata ba ta iyawa." Ta gyara zama. "Ka ji, na yi tunani. Dalma ce fa. Mu nawa muka rage? In mun mutu Merhawi a kilo zai sayar da su, ko kallonsu ba zai yi ba. Ka zo ka danna yadda kake so. Ka karya su duka, har na saman. Na yafe. Ni dai ka zo."

Ya juya ɗan kofin a hannunsa. Ta ga leɓensa yana motsi, ta ɗauka zai yarda, har ta fara tunanin inda ta ajiye rigar aikinsa.

"Lete," ya ce, "da ban sani ba, da na yi ta yi har in mutu, ina jin daɗina. Yanzu kuwa duk takun da zan yi sai na ji suna karyewa a tafin ƙafata. Ke kin iya yafe su. Ni ba zan iya ba."

"To ka zo ka zauna kawai. A bakin ƙofa."

"In zauna ina jin wani yana taka injina?"

"Ba wani ba ne, ni ce."

"Na sani."

Ya miƙo mata kofin ta ƙara masa zagaye na biyu. Ta zuba, hannunta yana rawa da gaske wannan karon, har ya zube a faranti. Bai gani ba. Ta goge da bakin mayafinta, ta ce masa Litinin za ta mayar wa telan da aikinsa, ya kai babban titi.